Shawara Ga Mai Niyyar Gyaran Gida A Gusau Da Tsafe Da Bunguɗu

 Magana ce a kan gyaran gida, wadda ba ta wuce kowa ba, gama wanda bai gina ba ya gada, wanda bai gada ba yana haya. Kowace shekara, da zarar ruwa ya ɗauke aka shiga kaka, sai ka ga masu gida a Gusau da Tsafe da Bunguɗu suna zagaya bangayensu suna duban abin da damina ta bari: nan yaɓe ya zube, can soro ya yi yoyo har ya baƙanta azara, ga gindin katanga ya zaizaye kamar an bi shi da gizago. Sa'an nan mashawarta su taso. Tsohon magini ya ce a kwaɓa ƙasa a mayar da yaɓe yadda kakanni suka yi. Birkila ya ce a rushe a sa bulo a huta. Kafinta ya ce duk ciwon a sama ya ke, a ɗora kwano. Kowanensu ya faɗi gaskiya gwargwadon sana'arsa, kowanensu kuma ya yi shiru a kan aibinta, ba kuwa za a ga laifinsu ba, don ba a taɓa jin mai tallan fura ta ce tata ta yi tsami ba. Mai gida shi ne zai fid da kuɗi, shi ne kuma zai kwana ƙarƙashin rufin da iyalinsa da littattafansa da hajarsa, saboda haka shi ya kamata ya iya awo.

Abin da za a fara sani shi ne, tsufa kaɗai ba ya ka da bango. Ruwa ne ke cinsa ta sama da ta ƙasa, gara ta bi ta inda laima ta buɗe mata hanya, iska kuma ta zo ta ƙarasa. Tun da ya ke masu karatun wannan shafi ma'abota hisabi ne, bari mu buga lissafi kaɗan. Ruwan da ke sauka a ƙasar Gusau cikin shekara ya kan kai wajen milimita 900, wata shekara ya fi, wata ya kasa, mafi yawansa kuwa tsakanin Yuni da Satumba. Ɗaki mai ƙafa 12 tsawo da ƙafa 12 faɗi, in an auna ruwan da ke sauka a kansa cikin damina guda, zai kai lita 12,000, watau duro 60 na mai lita 200. Wannan na ɗaki ɗaya ke nan. Duk wannan ruwa sai ya sami inda ya bi. In mai gida bai yi masa hanya ba, zai yi wa kansa, kuma ba ya neman izini.

Ƙasar da gida ya ke zaune a kanta ita ma tana da nata hukunci. Gusau da Bunguɗu duk a bakin Gulbin Sakkwato su ke, unguwannin da ke gangare kusa da fadama ruwan ƙasa yana kusa da su, laima ta kan hau bango daga harsashi kamar yadda mai ke hawan lagwani. Alamarta ita ce gindin bango ya yi duhu kamu ɗaya ko biyu, ya riƙa fid da wani fari-fari kamar kanwa, yaɓe yana marmashewa in an shafa. Mutanen Gusau ba su manta da ƙarshen Satumba na 2006 ba, sa'ad da madatsar ruwan garin ta ɓalle bayan ruwan sama mai yawa, ta rushe gidaje ɗaruruwa. A Tsafe kuwa da gindin dutsen Kwatarkwashi ciwon dabam ne. Dutse ba ya shan ruwa, abin da ya sauka a kansa gangarowa ya ke yi da gudu, ya bi lungu ya yi ta sassabe gindin katanga har ya bar ta a rataye. Na bakin fadama yana bukatar harsashi mai tsawo da abin da zai tare laima. Na gindin dutse yana bukatar magudana da jeren duwatsu a gindin bango. Wanda ya ɗauki maganin wancan ya ba wannan, ya yi asarar kuɗinsa.

Sai kuma karatun tsaga. An ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, amma ba kowace tsaga ce abin tsoro ba. Ƙananan da ke yaɗuwa bisa fuskar yaɓe kamar tafin tsohuwa, wannan bushewa ce, cikowa kawai su ke so. Wadda za a ji tsoro ita ce mai tafiya a karkace daga kusurwar ƙofa ko taga, ko wadda ta raba bango biyu a kusurwar ɗaki, ko wadda bakinta ya fi faɗi a sama. Wannan tana nuna harsashi ya motsa. Ga dabara mai sauƙi: a liƙa ɗan siminti ko laka a gicciye bisa tsagar, a rubuta ranar a gefe, a dawo bayan wata ɗaya ko biyu. In liƙin ya tsage, ginin yana tafiya har yanzu, cika tsagar ruɗin kai ne. Bangon da ya karkata kuwa, ko ya yi ciki, kada a yi jayayya da shi, kada kuma a bar yara ko almajirai su kwana a gindinsa ko dare ɗaya cikin Agusta. Irin wannan bango ba ya sallama kafin ya faɗi, galibi kuma cikin dare ya ke faɗuwa, bayan ruwan kwana biyu ya jiƙa shi har zuci.

To, mu komo ga maganar tsohon magini, gama yana da hujja fiye da yadda samarin yanzu su ke tsammani. Ginin ƙasa na Hausa ilmi ne cikakke. A kan haƙo jar ƙasa mai birji, a jiƙa ta, a zuba mata ramno da kashin dabbobi, a tattake, a bar ta ta kwana da kwanaki tana tsima, sa'an nan a mulmula tubali a shanya shi har ya bushe ƙayau. Bango ya kan fara da kauri a ƙasa yana sirancewa zuwa sama, don nauyi ya zauna inda ƙarfi ya ke. Rufi kuwa da azara a ke yinsa, watau giginyar da aka faskare, wadda gara ba ta cika iya mata ba. Azara ɗaya ba ta ɗaukar nauyin ƙasa fiye da tazarar ƙafa 6 ko kusa da haka, wannan ne ya sa magina suka ƙago jera ta hawa-hawa daga bango, da ɗaurin guga da bakan gizo, don ɗaki ya yi faɗi ba tare da ginshiƙi a tsakiya ba. Wanda ya ke so ya ga iyakar wannan sana'a, ya tuna da Masallacin Jumma'a na Zariya, wanda Babban Gwani Malam Mika'ilu ya gina zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu, wanda ya yi sarauta daga 1834 zuwa 1846.

Asirin daɗewar irin wannan gini yana ga rigarsa. Makuba, wadda a ke samu daga ɓawon ɗorawa, a kan jiƙa ta a gauraya da ƙasar yaɓe, ta sa ruwa ya riƙa zamewa. Laso ya fi ta ƙarfi: katsi ne, watau dattin da ke kwantawa a gindin karofi, a busar da shi a ƙona a daka, a haɗa da gashin jima daga majema da ruwan dafara mai yauƙi, a shafe soro da rawaninsa da wajen indararo. Dakalin da a ke yi a ƙofar gida kuwa, wanda mu ke ɗauka wurin hira ne kawai, garkuwa ce ga gindin bango, shi ke karɓar ruwan da ke fantsamowa. Ɗakin da aka gina haka, ranar da zafin bazara ya kai awo 40, mai shigarsa zai ji kamar ya shiga inuwar tsamiya, domin bango mai kauri ba ya barin zafin rana ya ratsa shi sai dare ya yi, cikin hunturu kuma ya riƙe ɗumi. Takarda da tawada sun fi son irin wannan ɗaki, haka man gyaɗa da magani da goro.

Amma fa a faɗi aibinsa. Ginin ƙasa kamar doki ya ke, kullum yana son hidima. In an yi shekara biyu ba a hau soro an toshe tsaga an share bakin indararo ba, ta uku sai a ji ɗiga bisa buzu. Ga shi kuwa kayan hidimar sun yi wuya. Marina ta ragu ƙwarai, saboda haka katsi ya zama abin nema. Ɗorawa an sare da yawa. Giginya ta kan yi shekaru masu yawa kafin ta isa faskara, ba a kuwa dasa ta yadda a ke sare ta, har a Jamhuriyar Nijar, wajen Gaya inda ta ke da yawa, hukuma ta sa ido a kan saranta. Tun da zaman lafiya ya ɓaci a dazuzzukan Zamfara cikin shekarun 2010, shiga daji neman itace ko ciyawa ya zama sai da shiri. Azarar da a ke kawowa kasuwa kuma sai an duba: ta ƙwarai baƙa ce mai nauyi, daga bayan itacen mai tauri, mai fari-fari marar nauyi kuwa daga ɓargon ciki ta ke, gara na cinta kamar rake. Uwa uba, gwanayen da suka san ɗaurin guga suna ƙarewa, 'ya'yansu da yawa sun koma bulo. Wanda ya ke da tsohon soro mai lafiya, kuma yana da magini na ƙwarai a kusa, a ganina wauta ce ya rushe shi don maƙwabci ya rushe nasa. Wanda ba shi da mai hawa masa soro kowace kaka kuwa, ya yi tunanin wani rufi.

Kwano da siminti ba jiya suka zo ba. Hanyar jirgin ƙasa daga Zariya ta ratsa Gusau ta kai Ƙauran Namoda a 1929, jirgin da ke kwasar gyaɗa da auduga shi ke sauke kwano da buhunan siminti, kantunan Turawa da tasha su ne suka fara nuna wa mutane rufin da ba ya son yaɓe. Masana'antar siminti ta Kalambaina a Sakkwato ta fara aiki a 1967, yau tana hannun kamfanin BUA. Da aka ƙirƙiro Jihar Zamfara a 1996, Gusau ta zama babban birni, sai gini ya tashi ko'ina, bulo ya zama alamar wanda ya samu. Daga nan ne wata al'ada ta yaɗu wadda ta ɓata gidaje da yawa, ita ce shafa wa bangon ƙasa filastar siminti a fente shi, don mai wucewa ya ce na bulo ne.

Wannan aure ne tsakanin waɗanda halinsu bai zo ɗaya ba. Ƙasa tana numfashi: ta sha laima ta kumbura kaɗan, ta bushe ta koma. Siminti kuwa in ya kama ya kama, ba ya miƙewa tare da ita. Shekara ɗaya ko biyu sai filastar ta saki bango ta ciki, alhali a ido tana nan sumul. Sa'an nan ta yi 'yar tsaga a sama, ruwa ya shiga ta nan, ya rasa ta inda zai fita, gama simintin da aka sa don ya hana shi shiga shi ne ya hana shi bushewa. Bango ya yi ta jiƙa a ɓoye, gara ta sami gida mai duhu da laima inda ba mai ganinta. Mai gida yana murna ya huta da yaɓe, ashe ana yi masa sata ta bayan gida. Ranar da filastar ta ɓamɓaro kamar faifai, sai a tarar rabin kaurin bangon ya zama gari. Duk mai irin wannan bango ya ɗauki sanda ya bi shi yana ƙwanƙwasawa. Inda ya ji amo kamar na ƙwarya a kife, ta riga ta saki, a fasa wurin a duba abin da ke ciki tun da sauran rani.

In kuwa lalle sai an sa filastar, akwai yadda a ke rage cutarta. A kankare tsohon yaɓe har a kai ga tubali, a bar shi ya bushe sarai, a kafa ƙusoshi ko a cusa fasassun duwatsu cikin bango, a ɗaura ragar waya irin ta kejin kaji, don simintin ya sami abin riƙo. Kada a yi kwaɓin da ƙarfi, yashi ya yi yawa siminti ya yi kaɗan, gama filasta mai taurin tsiya ta fi saurin rabuwa da ƙasa. Sa'an nan a tabbata an rufe kan bangon yadda ruwa ba zai shiga ta bayanta ba. Waɗansu magina su kan tsaya ga bangon gabas kaɗai, tun da ya ke daga gabas hadari ya fi tasowa a ƙasarmu, su bar sauran da yaɓen ƙasa. Wannan shawara ce mai hankali, ta fi araha kuma.

Bulo, in an buga shi bisa amana, ba ya tsoron ruwan sama, ba ya neman yaɓe kowace shekara, bangonsa siriri ne ba ya cin fili, ga wanda ke cikin gari inda kowace ƙafa kuɗi ce wannan ba ƙaramin abu ba ne. Amma kalmar amana ita ce duk maganar. Buhun siminti kilo 50 ne. Masu gaskiya ba su fid da bulo mai inci 9 fiye da talatin ko kusa da haka daga buhu ɗaya. Tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayu na 2023, darajar Naira kuma ta faɗi, har buhu ya haura Naira 10,000 a wurare da yawa a farkon 2024, jarabar ƙara yashi ta yi ƙarfi, wani sai ya fid da hamsin ko fiye. Irin wannan bulo sunansa kawai bulo, tubalin da aka tsima da kyau ya fi shi ƙarfi nesa. Ɗan kasuwa da ba ya sayen hatsi sai ya cusa hannu cikin buhu, don me zai sayi bulo dubu da kallo daga cikin mota? Ya kankare gefensa da farce ko makulli, in yashi na zuba ya bar shi. Ya ɗaga ɗaya zuwa ƙugunsa ya sake shi bisa ƙasa mai tauri, na ƙwarai ba ya tarwatsewa. Abin da ya fi duka, ya sayi simintinsa da yashinsa, ya kira mai bugawa ya buga a ƙofar gidansa, ana ƙirga kwanon sarki a gabansa.

Akwai wani abu da mutane da yawa ba su gane ba, shi ne siminti da ruwa ya ke yin ƙarfi, bushewa da wuri kashe shi ta ke yi. Bulo ko kankare ko filasta suna son a yi ta ba su ruwa safe da yamma har kwana 7 a ƙalla, ƙarfinsu kuwa ba ya cika sai wajen kwana 28. Cikin hunturu, sa'ad da iska ke busar da leɓe kafin a rufe baki, wanda ya yi filasta da hantsi bai lulluɓe ta da buhu mai laima ba, da la'asar ta riga ta ƙone. Yashin ma a duba shi. Na gulbi mai kaifi shi a ke so. A damƙi kaɗan a hannu da ruwa, in ya bar taɓo a tafi, yana da laka, siminti ba zai kama shi da kyau ba. Mai gini kusa da fadama kuma kada ya yarda a ɗora bulo bisa harsashi sai an shimfiɗa baƙar leda mai kauri a tsakani, kuɗinta kaɗan ne, ita ce kuwa ke yanke wa laima hanya. Aibin bulo da ba shi da magani mai araha shi ne zafi. Ɗakin bulo mai rufin kwano marar sili, cikin watan Afrilu, tanda ce.

Ga maganar kafinta kuwa, gaskiyarsa ta fi ta sauran yawa, domin bangon ƙasa mai busasshen kai da busasshiyar ƙafa ya kan ga jikoki. Saboda haka mutane da yawa su kan bar soronsu yadda ya ke, su ɗora masa kwano a bisa. Wannan haɗi ne mai kyau: kwano ya tare ruwa, ƙasa ta tare zafi da ƙarar ruwan sama, mai karatu ya ji muryar ɗalibinsa ko ana tsuga ruwa. Sharaɗi shi ne a bar 'yan kafofi iska ta riƙa ratsawa tsakani, a kuma riƙa leƙawa, don yoyon da ba a gani ya fi wanda a ke gani ɓarna. Maƙiyin kwano shi ne iskar farkon damina. Ba ta tura rufi ƙasa, ɗaga shi ta ke yi sama, ta fara daga kusurwa da baki. Rufin da aka aza bisa bango aka danne da duwatsu ko tsofaffin tayoyi, wata rana a gonar wani za a tsince shi, in Allah ya kiyaye bai sare mutum a hanya ba. Katakon rufi a ɗaure shi da bango da waya mai kauri ko ƙarfen ɗauri wanda aka binne cikin ginin ƙasa da kai sosai, a shafe katakon da maganin gara kafin a hau da shi, a buga ƙusa bisa tudun kwano, kada a buga a kwarinsa inda ruwa ke gudu, a yawaita ta a baki da kusurwa.

Magina sun rabu a kan ko a ɓoye kwano cikin rawani ko a bar shi ya zarce bango. Mai rawani ya fi kyan gani, iska kuma ba ta samun bakinsa. Amma ruwan duk yana taruwa a magudanar da ke jikin bango, ranar da ganye ko leda ta toshe ta sai ya malala cikin ginin. Ga bangon bulo wannan da sauƙi. Ga bangon ƙasa ni na fi son kwano ya zarce da kamu guda ya yi masa malafa, a ƙarfafa ɗauri saboda iska. Wajen saye kuma a tambayi kauri. A kwanon ƙarfe, yawan lambar geji alamar siranta ce. Na alminiyam da milimita a ke faɗinsa, mai 0.55 ya fi mai 0.45 kauri, ba ya tsatsa, amma ya fi tsada. Araha ba ta ado, kwanon da ke lanƙwashewa tsakanin yatsu biyu ba zai ga damina da yawa ba. Wani gargaɗi kuma ga masu tsofaffin gidaje: silin da rufin asbestos da aka yi yayinsu a da, ƙurarsu tana jawo mugun ciwon huhu da sankara bayan shekaru. In suna nan lafiya a bar su. In za a cire, a jiƙa su da ruwa, kada a fasa ko a yanka da zarto, kada kuma a bar yara su yi wasa da gutsattsarinsu.

Akwai hanya ta tsakiya wadda ba ta yaɗu a nan ba tukuna. Ita ce a tankaɗe jar ƙasa, a zuba mata siminti kaɗan, wajen kashi 1 cikin 20, a ɗan jiƙa ta, a matse ta cikin injin hannu ta fito tubali mai kusurwa huɗu. An ƙago irin wannan inji a ƙasar Kolombiya cikin shekarun 1950, Cibiyar Binciken Gine-gine da Hanyoyi ta Nijeriya, wadda aka kafa a 1978, ita ma ta ƙera nata. Wanda ke shakkar ƙarfinsa ya tambayi fataken da ke zuwa ƙasar Tawa. A can, a garin Dandaji, an gama wani babban masallaci da irin wannan tubali a 2018, bisa tsarin Mariam Kamara 'yar Nijar da abokiyar aikinta Yasaman Esmaili, tsohon masallacin ƙasa kuwa ba a rushe shi ba, aka gyara shi aka mai da shi ɗakin karatu. A wannan ƙasa ta Tawa ne kuma Masallacin Yama ya ke, wanda magini Falke Barmu ya fara a 1962 da ƙasa da itace, ya sami kyautar Aga Khan ta gine-gine a 1986. Wuyar wannan tubali a wajenmu ita ce samun injin da wanda ya iya gwada ƙasa, gama ƙasa mai yawan yumɓu tsagewa ta ke yi, mai yawan rairayi kuma ba ta kamawa.

Tun da an ambaci ƙasa, wajibi ne a faɗi wani abu da ya shafi Zamfara musamman. A 2010 aka gano gubar dalma a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, inda a ke niƙa dutsen zinariya cikin gidaje, yara wajen 400 suka rasu, har sai da aka kankare ƙasar tsakar gidaje aka zuba sabuwa. Saboda haka mai sayen ƙasar gini ko ta daɓe ya tambayi mai tifa ko mai jaki daga ina ya ɗebo. Ƙasar wurin da aka niƙa ko aka wanke dutsen zinariya, ko ta kududdufin da ruwan wankin ya shiga, kada ta shiga gida ko kyauta aka bayar, don yaro mai rarrafe hannunsa daga daɓe sai baki.

Malamai sun fi kowa sanin cewa gyaran gida ba ya ƙarewa a iyakar bangon mai shi. Risala ta Ibn Abi Zaid, a babin hukunce-hukunce, ta hana mutum ya buɗe tagar da zai riƙa tsinkayar maƙwabcinsa, ko ƙofa daura da ƙofarsa, ko ya yi haƙan da zai cuce shi ko da cikin mulkinsa ne. Ta kuma kwaɗaitar da mutum kada ya hana maƙwabci kafa itacen rufinsa a bangonsa, ko da ya ke alƙali ba ya tilasta shi. Wani magini na Tunis, Ibnur Rami, wanda alƙalai ke aikawa duban gine-ginen da a ke husuma a kansu a ƙarni na 14, ya tara littafi guda a kan hukunce-hukuncen gini. Abin da ya kawo wannan magana shi ne, soro ya kan sha wani ruwan ya saki saura a hankali ta indararo ɗaya da kowa ya san inda ta ke zuba tun zamanin kakanni, kwano kuwa ba ya shan ko ɗigo, yana watso shi gaba ɗaya. Wanda ya sauya rufi ya juya bakinsa wajen katangar ƙasa ta maƙwabci, ko ya ɗaga daɓen gidansa da kankare har ruwan lungu ya koma gidan na ƙasa da shi, ya gyara nasa da rushe na wani. A yi wannan shawara da maƙwabci tun kafin a sayi katako.

Gidan gado kuwa shi ya fi kowane lalacewa, don kowa na jiran ɗan'uwansa. Muhtasar na Halil ya kawo cewa abin tarayya da ba ya rabuwa, in ɗaya ya ƙi gyara, a kan hukunta masa ya gyara ko ya sayar. Kafin a kai ga haka, wanda zai fid da kuɗinsa ya tara magada ya kafa shaidu, a rubuta ko bashi ne bisa gidan ko kyauta ce, don kada bayan ransa 'ya'yansa su ce ubansu ne ya gina, sauran su ce ƙasar ta kowa ce. Haka kuma tsakanin mai gida da magini. In jinga ce, a rubuta iyakar aikin, da wanda zai kawo kaya, da buhu nawa, da ranar gamawa, a riƙa biya gwargwadon abin da aka gama. Jinga ta kan sa gaggawa, aikin yini ya kan sa nawa, kowanne sai da idon mai gida. Mai kuɗi kaɗan kuma ya bi tsari: rufi da hanyar ruwa tukuna, sa'an nan gindin bango, sa'an nan tsaga. Fenti da tayil su ne na ƙarshe, ko da su ne baƙo ke fara gani.

Lokacin aiki daga kaka ne zuwa ƙarshen hunturu, sa'ad da kududdufi ke da sauran ruwan kwaɓi, leburori sun dawo daga gona, tubali kuma yana da watannin bushewa. Ba a fafe gora ranar tafiya, wanda ya yaye rufinsa cikin Mayu ya yi caca da hadarin farko. Kafin magina su shigo, malam ya kwashe littattafansa da kansa, kada ya wakilta yara. Gafaka da kundi a sa su cikin akwatin ƙarfe, a ɗora bisa benci ko duwatsu nesa da bango, a wani ɗaki dabam. Kada a naɗe su cikin leda a daɗe, gama leda na tara gumi, takarda ta yi funfuna ta manne. Ɗan kasuwa shi ma ya ɗaga buhunansa bisa katako. Ɗakin da aka yi wa sabon yaɓe ko filasta kuwa ya kan yi makonni yana fid da laima ko da ya bushe a ido, saboda haka a bar ƙofa da taga a buɗe, a jingina wata takarda marar amfani a jikin bangon ta kwana biyu, in ta tashi ba ta yi laushi ba sa'an nan a mayar da littattafai.